Gargaɗi Ga Masu Shagunan Kitso a Kan Ladan 'Yan Aikinsu



Duk wanda ya ratsa Ja'en ko Sabuwar Gandu a gefen Sharaɗa, ko Fanshekara da Zawaciki a gefen Chalawa, ko Dakata da Kawaji da Gama a gefen Bompai, ba zai rasa ganin ɗan shago mai labule a ƙofa ba, an rubuta a jikin bangonsa: kitso, lalle, wankin kai, gyaran jiki. A ciki akwai kujeru biyu ko uku, da madubi, da na'urar busar da gashi, ga ɗan janareta a bakin ƙofa. Mai shagon galibi matar aure ce ko bazawara, wadda ta ɗauki adashi ko ta sayar da 'yan kunnenta ta kafa jari. In Allah Ya sa albarka, kafin shekara ta kewayo sai hannu biyu su kasa, ta nemi yarinyar da za ta taimake ta. A nan ne maganar lada ta ke tasowa, a nan ne kuma da yawa daga cikinsu su ke yin kitso da ƙwarƙwata.

Ga yadda abin ya kan faru. Wata mata ta kan kamo hannun 'yarta ta kawo ta shago, ta ce, "Hajiya, ga 'yarki nan, ta iya shuku da kalaba, hannunta kuma ya zauna a lalle." Mai shago ta ce, "Madalla, ta zo gobe a fara. In Allah Ya buɗa ba za ta yi kuka da ni ba." Shi ke nan, a rabu a kan haka, babu wadda ta ambaci ko sisin kwabo, gama kowacce tana jin nauyin 'yar'uwarta. Watan farko a ba yarinya abin da ya sawwaƙa. Wata na biyu kasuwa ta yi sanyi, a ce da ita ga kuɗin sabulu. Azumi ya zo ƙarshe, ta kwana uku ko huɗu tana sunkuye a kan kawunan mutane har asuba, bayan Salla a miƙo mata turmin atamfa a ce ga tukwici. Ran nan sai zuciya ta ɓaci. Ba a jima ba sai ga su gaban mai unguwa ko ofishin Hisba, wannan tana rantsuwa an yi mata alkawarin rabi, waccan tana rantsuwa koyo aka kawo ta. Babu takarda, babu shaida. Abin tausayi kuwa shi ne, mai yiwuwa ne babu maƙaryaciya a cikinsu, kowacce abin da ta ƙudurta a zuciyarta ran farko ta ke faɗi.

To, abin da ya wajaba a kan mai shago shi ne ta yanke lada da baki, da adadi, tun yarinya ba ta taɓa kan kowa ba. Mafi kyawun tsari kuma ga ƙaramin shago shi ne albashi sananne wanda ba ya raguwa don kasuwa ta yi sanyi, sa'an nan a ɗora masa wani abu sananne a kan kowane kai da yarinya ta kitse, ko kowane hannu da ta yi wa lalle. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Hujjar wannan magana tana cikin halin wurin, da dokar ƙasa, da littattafan fiƙihu da a ke karantawa a zauruka.

Game da halin wurin, Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, tun kafin samun mulkin kai a 1960 aka fara kafa injuna a can. Sharaɗa da Chalawa suka biyo bayanta, inda majemu na zamani da masu yin robobi da leda da takalma suka yi yawa. Daga 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, wutar lantarki ta yi ta ƙaranci, kayan waje suka cika kasuwa, masana'antu da dama suka rufe ƙofa. Waɗanda suka rage kuwa, da yawan ma'aikatansu 'yan aikin rana ne, a ɗauke su yau a sallame su gobe. Matan waɗannan ma'aikata da 'ya'yansu, da 'yan matan da su ke aikin shirya kaya a cikin kamfanonin, su ne masu kawo kai shagon kitso. Saboda haka in kamfani ya biya shago ya cika, in wata ya raba tsakiya shago ya zama wayam. Haka nan ya kan cika gab da ƙaramar Salla da babba, da lokacin ɗaurin aure kafin azumi, ya kan mutu a farkon Ramalana. Wannan hawa da sauka ba ɓoyayyen abu ba ne, kowace mai shago ta san shi tun ba ta sayi madubi ba. Abin tambaya shi ne, wa zai ɗauki nauyin kwanakin da babu kowa? Mai jari ce ta ke kwashe ribar Salla, ita ce kuwa ya dace ta ɗauki ramar tsakiyar wata.

Mutanen waɗannan unguwanni ba baƙi ba ne ga rigimar lada. A 1970 gwamnatin Janar Gowon ta naɗa kwamitin Cif Simeon Adebo don ya duba albashi, ya kuwa ba da shawarar a yi ƙari. Da waɗansu masu kamfanoni suka yi nauyin hannu wajen biya, ma'aikatan masana'antun Kano suka ajiye aiki a 1971, a cikinsu har da gardawan da suka jingine allo suka shiga kamfani. A 1974 kuma aka yi ƙarin Udoji. Har yanzu a kan sami dattawan da suka ga wannan zamani da idonsu. Abin mamaki shi ne, matar da mijinta ya ke dawowa da dare yana kukan an riƙe masa kuɗin ƙarin lokaci, tana taya shi Allah-ya-isa, ita ce da safe za ta ce da yarinyar shagonta ta yi haƙuri sai wata mai zuwa. Abin da ya yi wa gidanta ciwo shi ta ke aikawa gidan wani.

Game da dokar ƙasa, an yanke mafi ƙarancin albashi naira 125 a 1981, ya kai 18,000 a 2011, ya kai 30,000 a 2019, sa'an nan a watan Yuli na 2024 aka mai da shi 70,000. Gwamnatin Kano ta yanke wa nata ma'aikatan 71,000 a watan Oktoba na 2024. Amma fa dokar ta ware wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda a ke biya da la'ada ko da jinga. Watau shago mai kujera uku ba ya cikinta. Waɗansu sun ji haka sun ɗauka babu wata doka a kansu ko kaɗan, wannan kuwa kuskure ne. Dokar Ƙwadago ta 1974 ba ta ƙidaya kawunan ma'aikata. Ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika. Ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Ta ce a cikin kowane kwana bakwai yana da hutun yini ɗaya cikakke. Ta hana a ci ma'aikaci tara daga albashinsa, in kuwa ya yi ɓarna da gangan ko da sakaci, ba a cire komi sai jami'in ƙwadago ya yarda a rubuce. Ta kuma yanke kwanakin sanarwa kafin a rabu: yini ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako guda ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama.

Ko da hukuma ba ta ce komi ba, shari'a ta riga ta yi magana. Wannan ciniki shi malamai su ke kira ijara, watau sayen amfanin aikin mutum da wani abu sananne. Duk almajirin da ya kai Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya karanta cewa ijara tana inganta ne in an yanke mata lokaci, an kuma ambaci abin da za a biya. In ɗaya ya ɓace ta zama ɓatacciya, gama ladan da ba a sani ba garari ne, kamar sayen kifi a cikin ruwa. Hukuncin ɓatacciyar ijara kuwa, in an riga an yi aikin, shi ne a ba ma'aikaci ladan misali, watau abin da a ke ba irinsa a wannan gari a kan irin wannan aiki. Saboda haka mai shagon da ta ke zaton rashin ambaton lada ya ba ta damar ba da abin da ta ga dama, ta yi zaton banza. Bashi ne a wuyanta gwargwadon abin da maƙwabtanta masu adalci su ke biya. Buhari ya ruwaito hadisi wanda ya lasafta mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan aiki, ya karɓi aikin cif, ya hana lada. Ibnu Majah kuma ya ruwaito umurni da gaggauta biya tun ma'aikaci bai huce daga wahalar aikin ba.

Hanyoyin da a ke bi a shagunan nan huɗu ne. Ta farko ita ce albashi zalla, a ce kaza a wata, ko an yi kai ɗari ko an yi goma. Wannan halal ne tsantsa, babu garari a cikinsa. Aibinsa kawai shi ne yana daidaita mai himma da malalaciya, a makon Salla kuma yarinya ta yi aikin mutum uku a kan ladan mutum ɗaya. Irin wannan ne ya kan sa gwanar makitsiya ta jure shekara guda, ta san mutane, ta buɗe nata shagon a tsallaken titi, rabin masu kawo kai su bi ta.

Ta biyu ita ce kaso, wanda 'yan zamani su ke ce wa kamasho: a ce duk abin da ya shigo, sulusi ko rabi na yarinya ne. Masu shago sun fi son wannan, don in ba a samu ba babu abin da ya fita daga hannunsu. Amma a Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda almajiran ilmi su ke kira Lawwali da Sani, an kawo mas'alar mutumin da ya ba wani dabbarsa ya yi aiki da ita a kan su raba abin da aka samu biyu. Hukuncinta a mazhabar Maliku ɓatacciya ce, domin babu wanda ya san ko za a samu, balle nawa. Littafin ya halatta a ce da mutum ya girbe wannan gona ya ɗauki rabi, gama hatsin yana tsaye ido yana ganinsa. Kawunan da ba su zo ba kuwa babu idon da ya gan su. Gaskiya ne Imamu Ahmadu ɗan Hambali ya halatta irin wannan rabo, yana kwatanta shi da ba da jari a raba riba, don haka ba a cewa duk mai yin kaso ta ci haram. Amma wadda ta zaɓi wannan hanya, lalle ta bayyana abu uku tun farko: nawa ne kason, daga me a ke fitar da shi, kafin a cire kuɗin mai da lalle da man kai ne ko bayan an cire, sa'an nan wa ke riƙe littafin lissafi. Yawancin rigimar kaso daga abu na biyu ta ke tashi, yarinya tana lissafi da abin da ta ga ya shigo, uwar ɗaki tana lissafi da abin da ya rage.

Ta uku ita ce hayar kujera. Makitsiya ta zo da mutanenta da kayan aikinta, ta ba mai shago wani abu yankakke kowace rana ko kowane mako, sauran nata ne, kamar yadda mai adaidaita sahu ya ke kawo wa mai keke balas. Wannan haya ce ingantacciya muddin an san kuɗin, an san lokacin, an kuma san wa ke sayen man janareta. Sai dai mai shago ta sani, wadda ta hayi kujera 'yar haya ce. Ba ta da ikon ce mata ta zo ƙarfe takwas, ko ta share shago, ko ta je ta ɗauko yara daga makaranta. Ba a karɓar kuɗin haya a hannun mutum kuma a riƙa aikensa kamar bara.

Ta huɗu ita ce koyo, a nan ne kuwa zalunci ya fi samun wurin ɓuya. Koyon sana'a alheri ne, ba laifi ba ne mai koyo ta yi hidima ba albashi, gama ilmin da ta ke samu shi ne ladanta. Amma sai an yanke masa wa'adi, an faɗi abin da za a koya mata, an ɗauke mata abincin rana da kuɗin mota, an kuma sa ranar yaye. Dokar Ƙwadago ma ta ce yarjejeniyar koyo a rubuce a ke yin ta, ba ta wuce shekara biyar. Kitso da lalle kuwa ba sa buƙatar ko kusa da haka. Ran da yarinya ta fara zaunar da mace ita kaɗai, ta kitse ta tsaf, aka karɓi cikakken kuɗi a kan aikin hannunta, ran nan ta fita daga sunan 'yar koyo. Ci gaba da kiranta da wannan suna har shekara uku dabara ce ta cin gumin mutum kyauta. In kuwa yarinyar ƙarama ce, kada shago ya cinye mata lokacin makarantar boko da ta allo, kada kuma a riƙe ta har dare ya raba ba wanda zai raka ta gida.

Tsarin da aka ce ya fi kyau, watau albashi da ƙari a kan kowane kai, lissafi zai nuna amfaninsa. Waɗannan adadi misali ne kawai, kowace mai shago ta sa nata. A ƙaddara kitso naira 1,500 ne a kai. A watan biki yarinya ta yi kai 100, kuɗi 150,000 ke nan. A watan sanyi ta yi kai 40, kuɗi 60,000. In sulusi a ke ba ta, ta sami 50,000 a wata na farko, 20,000 a na biyu, jimla 70,000. In kuwa an yanke mata albashin 25,000, da naira 150 a kan kowane kai, ta sami 40,000 a na farko, 31,000 a na biyu, jimla 71,000. Mai karatu ya duba, abin da ya ƙaru a kan mai shago cikin wata biyu naira 1,000 ne kacal. Amma yarinya ta san abin da ba za ta gaza samu ba, tana iya shiga adashi, tana iya yi wa uwarta alkawarin kwanon shinkafa ta cika. Himma kuma ba ta mutu ba, tun da kowane kai yana ƙara mata wani abu. Babu kuma gardama a kan adadi, kamar mai awo da ya ce kowane mudu kaza: ba a san jimla ba sai an gama awo, amma ba a taɓa jin an yi faɗa a kanta ba. Abin da tsarin ya ke nema a wurin mai shago shi ne ta riƙe hannunta a watan Salla, ta ajiye abin da za ta cika albashin watan sanyi, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Wata za ta ce, ai ni ma da ƙyar na ke sha, ga haya, ga haraji, ga mai. Wannan kuka gaskiya ne. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗinsa ya yi ta hawa har lita ta haura naira 1,000 a watan Oktoba na 2024, na'urar busar da gashi kuwa ba ta tashi sai da wuta. Amma wannan man shi ne a cikin adaidaitar da ta ke ɗauko yarinya daga Fanshekara ko Dakata ta mai da ita. Mai shago tana da hanyar rage zafi, ta ƙara kuɗin kitso, ta kuwa ƙara. Yarinya ba ta da wata hanya sai ladanta. Don haka duk sa'ad da aka ƙara wa masu kawo kai kuɗi, a ƙara wa mai kitsa shi, a kuma sa lokacin duba albashi, ko bayan kowace babbar Salla. Ma'auni mafi sauƙi shi ne a lasafta kuɗin motarta na wata da abincinta na rana, a ga me ya rage. In ba abin da ya rage, to, sadaka ta ke yi wa uwar ɗakinta da ƙarfinta. In lissafi ya nuna shagon ba ya iya ɗaukar albashin wata, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai a ɗauki yarinya kwanakin biki kaɗai, daga Alhamis zuwa Lahadi, a kan ladan yini sananne, a biya ta kafin ta sa mayafi. Ko a ba ta hayar kujera. Ko kuwa su yi tarayyar aikin hannu, wadda malaman Malikiyya suka halatta ga masu sana'a iri ɗaya a wuri ɗaya, kowacce ta ɗauki rabo gwargwadon aikinta, riba da hasara duka a kansu.

Akwai kuma waɗansu ƙananan abubuwa da su ke lalata lada bayan an yanke shi. Na ɗaya, cire-cire. A fiƙihu ɗan aikin da aka ɗauka shi kaɗai amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'addi ko sakaci bayyananne. Na'urar da ta ƙone don wuta ta zo da ƙarfi, ko madubin da yaron wata ya fasa, hasarar mai jari ce. Na biyu, bashi. In mai shago ta yarda ƙawarta ta kawo kuɗi ƙarshen wata, ita ta ba da bashin, ba a jingina ladan yarinya da ran da za a biya. Na uku, tukwici. Abin da mace ta damƙa wa makitsiya a hannu don ta ji daɗin aikinta kyauta ce, ba a lasafta shi cikin albashi. Na huɗu, kuɗin waya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mata da yawa suka saba biya ta waya, kuɗin yana faɗawa asusun mai shago, yarinya ba ta gani. Maganin wannan littafi ne guda a kan tebur, a rubuta kowane kai da sunan wadda ta yi shi, a haɗa lissafi kowace yamma a gaban juna.

Babbar hujjar masu ƙin yanke lada ita ce kunya da zumunci. A ce ai 'yar ƙanwata ce, ko 'yar maƙwabta ce, yaya za a yi ciniki da ita kamar bare? To, a tuna ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a cikin Suratul Ƙasasi. Dattijon Madyana zai ba shi 'yarsa aure, amma wannan kusanci bai hana shi yanke wa'adin aiki shekara takwas ba, ya kuma bayyana cewa cikon goma ganin dama ne daga ma'aikaci. In suruki bai ji kunyar surukinsa a kan wannan ba, gwaggo ba ta da dalilin jin kunyar 'yar ɗan'uwanta. Zumuncin da aka ce a ke tsarewa ma shi ne ya ke fara tsinkewa ran da lissafi ya rikice, har iyaye su daina gaisawa a gidan suna. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wadda ta ke cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ladan da za a biya ƙarshen wata kuwa bashi ne tun daga ran da aka fara aiki.

Takardar ba ta buƙatar lauya. Malamin zaure ma yana iya rubuta ta, da ajami ko da boko, a rabin shafi: sunan mai shago da na 'yar aiki, aikin da za ta yi, lokacin zuwa da na tashi, ranar hutu, albashi kaza, ƙarin kowane kai kaza, ranar biya, wa ke da nauyin abincin rana, da kwanakin sanarwa in za a rabu. Shaidu biyu su sa hannu, mahaifi ko waliyyin yarinya yana wurin, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Mazajen masu shaguna su ma su sa ido, gama abin da ya shigo gida daga shagon da shi a ke cefane.

Ita kuma 'yar aiki ta san cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In an yanke mata lada an cika, wajibi ne ta zo a kan lokaci, ta kyautata aiki, kada ta ɓoye kuɗin kai, kada ta riƙa raɗa wa matan shagon su same ta a gida da rangwame. 'Yar dattijon Madyana da ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa, ƙarfi da amana ta duba, su ne kuwa har yanzu a ke nema ga kowane ɗan aiki.

Allah Ya sa wa sana'ar mata albarka, Ya raya masana'antun Kano, Ya tsare masu jari da 'yan aiki daga cin haƙƙin juna. Allah ne Mafi sani. Haza wasalamu.